Latas a bokiti, attaruhu a buhu: amsa ga mai son noma a cikin ɗaki

Tambayar ta zo ne daga wani matashi da ke zaman haya a Kano. Ya ce ya daɗe yana kallon bidiyon Turawan Kanada da Amurka a YouTube suna noman tabar wiwi a cikin wani ɗan tanti da ake kafawa a ɗaki, da fitila da fanka da bokitan ruwa. Yana da naira dubu 60, yana son ya sayi irin kayan ya noma latas da attaruhu a ɗakinsa. Wanne ya fi, ƙasa ko noman ruwa zalla? A ƙarshe ya ƙara da cewa, cikin raha, ita kanta wiwin ko za ta yi a nan?

Ƙanena, bari in fara da wadda ka sa a ƙarshe, don mu kawar da ita. Ba zan koya maka noman wiwi ba. Mutanen da kake kallo dokar ƙasarsu ce ta ba su dama: Kanada ta halatta abin ranar 17 ga Oktoba, 2018, ta yarda kowane gida ya shuka tushe huɗu, kuma ko a can lardin Kubek bai yarda a shuka a gida ba. Jamus ta bi sahu a Afrilun 2024 da tushe uku ga kowane baligi. Mu a Nijeriya akwai dokar hana wiwi tun 1966, ga hukumar NDLEA da aka kafa a 1989, kuma shuka ta laifi ne mai ɗaurin shekaru masu yawa, ko tushe ɗaya ne a gwangwanin madara. Mai zaman haya kuma ba kansa kaɗai yake jefawa ba, har da mai gida da maƙwabtan ɗaki. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya. In ganyen ne yake burge ka, shuka rama: ganyenta ya yi kama da na wiwi har masana tsirrai suka raɗa mata sunan kimiyya daga wannan kamannin, ita kuwa kwaɗonta ake yi.

Amma ka yi dace da ka ambaci wiwin, domin ita ce ke bayyana dalilin da ya sa kayan nan ba za su yi maka aiki ba. Ka tambayi kanka, me ya kai mutum ya rufe shuka a ɗaki ya hana ta rana, sannan ya saya mata fitila? Tun farko ɓuya ce. A farkon shekarun 1980 hukumomin Kalifoniya suka fara bin gonakin wiwi ta sama da jirage masu saukar ungulu, sai manoman suka shige ɗakuna da ƙarƙashin gidaje. Ga sanyi, wanda a Kanada yake kashe duk wani ɗanyen ganye rabin shekara. Ga kuma babban dalili, farashi: abu ne da ake sayarwa giram-giram, don haka ko nawa wuta ta ci, ciniki zai biya. Wani masani mai suna Evan Mills ya yi lissafi a 2012 cewa noman wiwi a ɗaki kaɗai yana cin kusan kashi ɗaya cikin ɗari na lantarkin Amurka gaba ɗaya. Tantin nan da fitilun nan, kasuwar wiwi ce ta raine su har suka yi araha. Kai ba ka da abin ɓoyewa, ba ka da ƙanƙara, kuma latas ɗinka a kasuwar 'Yankaba tuli-tuli ake sayar da shi.

Mu yi lissafin da masu bidiyon ba sa yi maka. Fili mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita ɗaya yana ɗaukar latas kamar ashirin. Don su yi kai mai kyau a ɗaki mai duhu, kana buƙatar fitilar shuka ta gaske mai cin wat 100, a kunne awa 16 kullum. Yunit ɗaya da rabi da ɗan ɗori ke nan a yini. Latas yana kai kwana 35 daga dashe zuwa yanka, ka ga yunit 56. Waɗanda ke samun wutar da za ta iya wannan aiki su ne 'yan rukunin farko na masu biyan kuɗin wuta, wato Band A, kuma tun Afrilun 2024 kuɗin yunit ɗinsu ya haura naira 200. Wutar fitila kaɗai ta tasam ma naira dubu 12, kowane kan latas ya ci kusan naira 600, ba a sa fanka ba, ba a sa iri da taki ba, ba a sa kuɗin fitilar kanta ba. Attaruhu kuwa haskensa ya kusa ninka na latas, kuma wata uku zuwa huɗu zai yi kafin ka tsinki na farko. Kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. In kuma unguwarku irin tamu ce da ake kawo wuta a ɗauke ba sallama, shukar za ta miƙe siririya, fara fat, tana neman haske har ta kwanta. Janareta ba ma sai na faɗa ba, ka san kuɗin litar fetur tun da aka cire tallafi a 2023.

Wani zai ce a sa sola. Na taɓa ganin wanda ya yi, kuma har yau in na tuna sai na yi murmushi. Don ka riƙe waccan fitila sai ka shimfiɗa faranti mai faɗin kusan mita biyu a rufi, ka haɗa da batir, ka kama rana, ka tura ta ta waya zuwa ɗaki, ka haskaka mita ɗaya da hasken da bai wuce sulusin wanda ke sauka kyauta a tsakar gida ba. Sannan duk wat ɗin da fitila ta ci, zafi yake komawa a cikin ɗakin. A Turanto wannan alheri ne. A Kano cikin watan Afrilu, da ma'aunin zafi ke haura 40, tanderu ka gina.

Saboda haka fito da noman waje. Tsakar gida, baranda, bayan ɗaki, saman dakali, ko rufin bene in na kankare ne kuma mai gida ya yarda. Ganyayyaki suna wadatuwa da rana ta awa huɗu zuwa shida, masu 'ya'ya irin su attaruhu da tumatir suna son shida zuwa takwas. Kafin ka ajiye komai, ka ɓata yini ɗaya kana lura da inda inuwa take faɗawa. A lokacin hunturu rana tana karkata kudu, don haka jikin katangar arewa, wadda ke fuskantar kudu, shi ke shan rana, gindin katangar kudu kuma yana iya yini a inuwa. Da damina abin yana ɗan juyawa. Amfanin bokiti ke nan, ana ɗauka a matsar.

Yanzu ga ainihin tambayarka, ƙasa ko ruwa.

Ƙasa tana yafiya. In ka manta ban ruwa yini ɗaya, tana riƙe da danshi. In ka zuba taki ya ɗan yi yawa, tana shanye wani ta riƙe. Ƙananan halittun da ke cikinta suna narka kashin dabbobi da takin zamani su mai da su abin da saiwa za ta iya sha. Ruwa zalla ba ya yin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Duk abin da shuka za ta ci, kai za ka auna ka zuba, kuma kuskurenka na safe da yamma za ka gan shi a ganye. Ga wanda bai taɓa raino ko da tushen alayyafo ba, ƙasa ce makaranta.

Sai dai ƙasar bokiti daban take da ta gona. In ka ɗebo laka ko jar ƙasar bayan gida ka cika bokiti, bayan ban ruwa uku za ta daskare kamar tubali, saiwa ta rasa iska. Abin da nake haɗawa shi ne kashi biyu na ƙasar lambu, kashi ɗaya na takin dabbobi da ya ruɓe sarai, kashi ɗaya na ɓuntun shinkafa. Ɓuntun nan a wuraren casa irin na Kura tsibi yake, kusan roƙon mutane ake su kwashe. In ka babbaka shi ya yi baƙi ba tare da ya zama toka ba, ya fi kyau, don ba ya saurin ruɓewa kuma irin ciyawa da ke ciki ya mutu. Takin da ya ruɓe za ka gane shi: ba ya wari, ba ya ɗumi, yana murmushewa a hannu. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa cikin kwana biyu, kada ka yarda mai sayarwa ya ce maka ai ya fi ƙarfi. Dusar katako ɗanya ma ka guje ta, tana janye abincin shuka yayin da take ruɓewa, sai ka ga ganye ya yi rawaya. Latas ɗaya yana zama a mazubi mai lita huɗu ko biyar. Attaruhu yana son lita 15, tumatir 20. Tsohon bokitin fenti da aka wanke, jarkar da aka yanke, buhun shinkafa da aka naɗe bakinsa, duk suna yi, muddin ka huda ƙasansu ruwa yana fita. Abin da ya fi kashe shukar sabon shiga shi ne ƙauna: ban ruwa safe, rana da dare. Tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu, in da danshi ka bari.

Noman ruwa kuwa ba sabon abu ba ne, kuma ba masu wiwi suka ƙirƙiro shi ba. Wani malamin jami'ar Kalifoniya, William Gericke, shi ya yayata shi a shekarun 1930, abokan aikinsa Hoagland da Arnon kuma suka fitar da haɗin sinadaran da har yau ake gini a kansa. Hanyoyinsa suna da yawa. Akwai wadda ruwa ke gudana siriri a cikin bututu, ita ce kake gani a hotuna masu ƙayatarwa, kuma ita ce mafi haɗari gare mu, domin in famfo ya tsaya da tsakar rana, kafin la'asar saiwoyi sun bushe. Akwai wadda saiwa ke nutse a ruwa ana hura masa iska da ɗan injin irin na kifin ado, ita ma da wuta ta dogara. Wadda ta dace da mai dubu 60 da wutar da ba tabbas ita ce ta Bernard Kratky na jami'ar Hawai, domin ba famfo, ba waya, ba komai.

Ga yadda take. Ka sami mazubi mai murfi wanda haske ba ya ratsawa. Ka yanke rami a murfin daidai ƙaramin kofin roba, ka huhhuda kofin ta ƙasa da gefe, ka cika shi da babbakakken ɓuntu ko tsakuwa wankakkiya, ka dasa ɗan tsiron da ya yi ganye uku ko huɗu. Ka zuba ruwan taki har ya taɓa gindin kofin da kamar faɗin yatsa. Shi ke nan. Shuka tana sha, ruwa yana sauka, saiwa tana bin sa ƙasa, sai fili ya buɗe tsakanin murfi da ruwa. Wannan filin shi ne sirrin abin gaba ɗaya. Saiwoyin da ke rataye a cikinsa su ke shaƙar iska, na ƙasa su ke shan ruwa. Kuskuren da kusan kowa ke yi, ni ma na yi shi a karon farko, shi ne ya leƙa ya ga ruwa ya yi ƙasa, tausayi ya kama shi, ya cika bokitin har baki. Washegari ya tarar shukar ta yi laushi kamar an zuba mata ruwan zafi. Nutsar da ita ya yi. Latas ɗaya lita biyar zuwa shida ke kai shi yanka a lokacin sanyi. In dole sai an ƙara, a ƙara kaɗan, kada ya wuce rabin tsawon saiwar.

Inda gizo ke saƙa shi ne taki. Kamfa da yuriya da muke saya a kasuwa don ƙasa aka yi su. Yuriya sai ƙwayoyin halittar ƙasa sun sarrafa ta kafin ta amfani shuka, a bokitin ruwa kuwa babu isassunsu. Kamfa mai 15-15-15 ba ya narkewa duka, yana barin laka a ƙasa, kuma ba ya ɗauke da isasshen kalsiyam da magniziyam da ƙarfe da sauran ƙananan sinadaran da ƙasa ke bayarwa a ɓoye ba ka sani ba. Haɗin da ya fi yaɗuwa kashi uku ne: taki mai narkewa irin Masterblend mai lamba 4-18-38, da kalsiyam naitiret, da gishirin Epsom wanda ake samu har a kantin magani. A ruwa lita 20, giram 12 na farko, giram 12 na biyu, giram 6 na uku. Wannan ƙarfin tumatir ne. Latas a zafinmu ka ba shi rabi zuwa kashi biyu cikin uku, domin inda ake zafi shuka ruwa take sha fiye da taki, abin da ya rage a bokiti kullum ƙara kauri yake. Kowanne ka narka shi daban, ka zuba kalsiyam ɗin a ƙarshe bayan sauran sun gauraye da ruwan duka. In ka haɗa su da kauri a kofi ɗaya, za ka ga farin gari ya kwanta, wannan abincin shukarka ne ya zama alli. Kana buƙatar ƙaramin sikeli irin na masu gwal, cokali ba ya wannan aikin.

Sai ruwan kansa. Shuka a ruwa tana son ma'aunin tsami, wanda ake kira pH, tsakanin 5.5 da 6.5. Ruwan burtsatse da na rijiya sukan bambanta daga unguwa zuwa unguwa, wani har gafi yake a baki. In ma'aunin ya haura 7, ƙarfe yana nan a ruwan amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai sabbin ganyen tsakiya su yi rawaya jijiyoyinsu na kore. In tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara rawaya, wannan yunwa ce, taki ya yi kaɗan. Takardar gwaji ko ɗan alƙalamin aunawa ya fi maka amfani sau goma a kan fitilar da kake sha'awa. Ruwan lemon tsami yana sauke ma'aunin, amma kwana biyu ya koma inda yake, don haka sai an riƙa dubawa. Ruwan batir, wanda na ji wasu na ba da shawara, kada ka kusance shi, ganyen nan cikinka za shi. Ruwan sama da aka tara bayan rufi ya wanku shi ne mafi kyau, in ka samu.

Akwai abu biyu da Bature mai bidiyo ba zai taɓa gaya maka ba domin ba su dame shi ba. Na farko zafin ruwa. Saiwa tana jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24. Da ruwa ya doshi 30, iskar da ke narke a cikinsa tana raguwa, cutar ruɓewar saiwa kuma tana samun wuri. Lafiyayyar saiwa fara ce tas. In ta koma ruwan ƙasa, tana yauƙi, tana wari, ta tafi. Baƙin bokiti a ranar Kano kuwa shayi yake dafawa. Maganin yana cikin gidanmu tun kaka da kakanni, wato hikimar randa. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya. Yi wa bokitinka haka: zaunar da shi cikin babbar tukunyar ƙasa ko rami, ka cika gefen da yashi, ka riƙa jiƙawa. Ko ka naɗe shi da buhun algarara mai danshi, ka shafa wa murfin farin fenti. Kada dai ka zuba ruwan takin kai tsaye a randa, za ta tsotse ruwan ta bar gishirin. Na biyu sauro. Ruwa a kwance wata guda a tsakar gida, in da 'yar kafa a murfin, ka buɗe wa sauro ɗakin haihuwa, kuma matan gidan ba za su yafe maka ba. Kofin ya zauna daram a raminsa, duk wata ɓula a toshe. Toshewar tana hana haske shiga, gansakuka ma ba za ta fito ba.

Lokaci ma rabin aikin ne. Latas ɗan sanyi ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu yake sakewa. Da zafi ya shigo sai ya yi tsiri ya nufi fure, ganyen ya yi ɗaci, irinsa ma ƙin tsirowa yake in ƙasa ta yi zafi, shi ya sa nake ajiye tiren reno a gindin randa. Da bazara kada ka yi faɗa da yanayi, ka koma alayyafo, lalo, yakuwa, ɗaɗɗoya. Na'ana'a kuwa a ruwa har fitina take, reshe ɗaya ka tsoma, wata ɗaya ta cika bokiti, kuma masu shayi suna saye. Tsohon gidan sauro da aka ɗaura a sama yana rage zafin rana, yana tare tsuntsaye, kaji da awakin gida kuwa sai dai shinge.

Attaruhunka ka ba shi ƙasa, a buhu ko babban bokiti. Ana iya yinsa a ruwa, na yi, amma babban tushe da zafi yana shan lita ɗaya zuwa biyu a yini, kullum kana cikin ƙari da awo, kuma wata shida ko fiye zai yi a wurin, duk kuskure ɗaya yana iya cinye wahalar watanni. Irinsa yana da nawa, yakan yi mako biyu zuwa uku kafin ya fito, kada ka yanke ƙauna ka zubar. In ka ga fure yana zubewa a Afrilu, zafi ne, ba taki ya rasa ba, ka ƙara masa inuwa ka jira.

Da ni ne da kuɗin nan, ga yadda zan yi. Buhu ko bokiti shida na ƙasa: attaruhu uku, sauran alayyafo da ɗaɗɗoya. Mazubi huɗu na ruwa, latas uku da na'ana'a ɗaya, a fara a Nuwamba. Latas guda uku kuma a ƙasa, iri ɗaya, dashen rana ɗaya, a jere kusa da na ruwan, don idonka ya yi maka alƙalanci. Kuɗin da za su fita da gaske su ne na takin ruwa, sikeli, abin gwajin tsami da iri mai kyau a cikin fakitinsa, sauran duk tsince-tsince ne. Abin da ya rage ka riƙe, domin zagaye na farko wani abu zai mutu, kuma za ka so ka sake. Ka sami ɗan littafi kana rubuta ranar shuka, ranar dashe, abin da ka zuba da abin da ka gani. In wani ganye ya canza launi, ɗauki hotonsa da safe kafin rana ta yi ƙarfi, ka ɗaga murfin ka ɗauki saiwar ma, ka turo mu duba tare.